Bayani ga Manoma da 'Yan Kasuwa Kan Rajista da Inshorar Tarakta, Tirela ko Motar Kaya da Aka Sayo Daga Wata Jiha

Gabatarwa

Shiyyar Funtua, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi 11, wato Funtua, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Malumfashi, Kafur, Musawa da Matazu, ita ce rumbun abincin Jihar Katsina. A nan ne ake noma mafi yawan masara da dawa da waken suya da auduga da jihar ke alfahari da su, ga kuma shinkafa da rake da tumatir a fadamu. Tun zamanin da aka kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, har zuwa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da aka fara a shekarar 1975 da tallafin Bankin Duniya, mutanen wannan yanki suka saba da aiki da injuna da manyan motoci. Buɗe tashar tsandauri ta Funtua a shekarar 2024 ya ƙara wa harkar dakon kaya muhimmanci.

Sabuwar tarakta ko sabuwar motar kaya ta fi ƙarfin aljihun yawancin manoma. Saboda haka da zarar an sayar da amfanin gona, sai ka ga mutum ɗaya, ko 'yan uwa, ko ƙungiyar manoma sun haɗa kuɗi sun nufi Kano, Zariya, Kaduna, Abuja ko Legas domin sayo wadda aka yi amfani da ita: tarakta da tirelar da take ja, ko a-kori-kura, ko kanta, ko kuma kan tirela da bodinsa. Wannan abu ne mai kyau, kuma muna maraba da shi. Sai dai da yawa daga cikin masu sayen sukan mayar da hankali kan lafiyar inji da ƙwarin taya, su manta da takardu.

Abin da muke son jama'a su riƙe daga wannan bayani shi ne: biyan kuɗi kaɗai ba ya mayar da mota taka a idon hukuma sai takardunta sun koma sunanka, kuma inshorar wanda ya sayar maka ba ta biyo motar zuwa hannunka. A ƙasa mun jera matakan da ya kamata a bi, ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin da Ya Sa Wannan Ya Zama Wajibi

A ɗauka wani manomi daga Kafur ya sayar da masararsa ta bana, ya je Kaduna ya sayo tarakta da tirela. Ya biya, an ba shi makulli da tsofaffin takardu masu sunan wani mutum da bai taɓa gani ba, ya kamo hanya ya dawo gida. Abubuwa uku na iya samun sa.

Na farko, wata rana wani ya zo da 'yan sanda da takardun asali ya ce taraktar tasa ce, sace ta aka yi. A shari'ar Musulunci da dokar ƙasa, kayan sata yana komawa ga mai shi, ko da wanda ya saya bai san na sata ba ne. Manomin zai rasa taraktar, sannan ya shiga neman dillalin da wataƙila ya sauya lambar waya.

Na biyu, jami'an kwastan su tare shi a hanya, a tarar ba a biya kuɗin fiton motar ba lokacin da aka shigo da ita ƙasar nan. Ba za a tambayi mutum nawa suka riƙe ta kafin shi ba; a hannunsa aka same ta, kuma a hannunsa za a karɓe ta.

Na uku, kuma mafi muni, a yi haɗari. Tirela ta tsinke a gangare ta faɗa kan mai babur, ko ta rushe shagon wani a bakin kasuwa. Idan babu inshora mai aiki da sunan mai motar, to diyyar rai da kuɗin asibiti da na ɓarnar dukiya duk suna wuyansa, kuma sau da yawa gona ake sayarwa a biya. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.

Mataki na Ɗaya: Bincike Kafin a Biya Kuɗi

Mafi yawan matsalolin da ake fuskanta a ofishin rajista tun daga wurin ciniki suke samo asali. Kada a yi cinikin biri a sama. Kafin kuɗi su fita daga hannu, a tabbatar da waɗannan abubuwa:

1. Lambar shasi da lambar inji. Waɗannan su ne sunan yanka na kowace mota. A motocin hawa da na kaya na zamani, lambar shasi tana da harufa da alƙaluma 17. Taraktoci da tsofaffin motoci kuwa lambarsu na iya gaza haka, kuma akan same ta a wani ƙaramin faranti da aka manna a jiki, ko a buge a kan ƙarfen. A tafi da makanike amintacce, a goge wurin da kyau, a karanta lambar harafi bayan harafi, a gwada ta da wadda ke cikin kowace takarda. Idan aka ga alamar an kankare wurin, ko an yi walda, ko an shafa sabon fenti a daidai lambar kaɗai, to a haƙura da cinikin komai arahar sa.

2. Takardun kwastan. Duk motar da aka shigo da ita daga waje, ko ta tashar jiragen ruwa ta Legas ce ko wadda jama'a ke kira 'yar Kwatano, wajibi ne ta kasance da takardar shaidar biyan kuɗin fito, mai ɗauke da lambar shasinta. Ya kamata a tuna cewa daga 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, don haka motar da takardarta ta nuna ta shigo ta irin wannan hanya bayan wannan rana tana buƙatar ƙarin bincike. Takardun jabu sun yi yawa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a kai lambar takardar da lambar shasi ofishin Hukumar Kwastan a tantance kafin a biya.

3. Motocin da aka harhaɗa a gida. Ba kowace mota ce ke da takardar kwastan ba. Akwai tsofaffin taraktocin Steyr da aka harhaɗa a Bauchi, da na Fiat da aka harhaɗa a Kano, da a-kori-kurar Peugeot ta Kaduna, waɗanda har yanzu wasunsu na aiki a ƙauyukanmu. Irin waɗannan, abin nema shi ne rasit ɗin kamfani ko na dillalinsa idan yana nan, da tsofaffin takardun rajista da ke nuna yadda motar ta sauya hannu.

4. Tirelar da aka ƙera a gida. Yawancin tirelolin da taraktoci ke ja masu walda ne ke ƙera su a wurare irin su Panteka ta Kaduna da Kano da Zariya, har da cikin Funtua. Sau da yawa ba su da wata lamba a jiki. A nemi rasit ɗin maƙerin ko na wanda ya fara saye, a rubuta tsawonta da faɗinta da yawan tayoyinta da launinta a takardar ciniki, a ɗauki hotonta, sannan a nemi shawarar jami'an duba motoci kan yadda za a yi mata alamar da za a shigar a rajista.

5. Kayan gwanjo da na rance. Idan taraktar ta fito ne daga wata ma'aikata ko ƙaramar hukuma ko wani shirin gwamnati, a nemi takardar gwanjo ko takardar da ta nuna an mallaka wa mai ita, tare da shaidar ya kammala biya. Taraktoci da yawa bashi ake raba su, kuma wanda bai gama biya ba ba shi da ikon sayarwa. Haka nan wasu kan jinginar da mota a banki. Tun shekarar 2016 Babban Bankin Nijeriya ya buɗe rajistar kayan jingina ta ƙasa, wadda doka ta ƙarfafa a 2017, inda ake iya bincikawa ko an ci bashi da wata mota ko inji.

6. Lambar mota da rahoton sata. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, tana da shafin intanet da ake shigar da lambar mota a ga ko tana cikin rumbun bayananta da kuma irin motar da aka ba lambar. Rundunar 'Yan Sanda ma tana da babbar rajistar motoci inda ake shigar da waɗanda aka sace. Yana da kyau mai saye da mai sayarwa su je ofishin 'yan sanda na garin da ake cinikin tare. Mai sayarwar da ya ƙi zuwa ya riga ya ba ka amsa.

Mataki na Biyu: Takardar Ciniki

Al'adarmu ta ciniki ita ce a yi "albarka" da "na sallama" a gaban shaidu, a ba dillali la'adarsa, a watse. Wannan ya isa ga cinikin buhun dawa, amma bai isa ga dukiyar da za ta ƙetare iyakar jiha ba. Addininmu ma ya kwaɗaitar da rubuta ma'amala da kafa shaidu. Takardar ciniki ta ƙunshi:

- cikakken suna da adireshi da hoton mai sayarwa da na mai saye, tare da kwafin katin shaidar kowannensu;
- irin motar da launinta da lambar shasi da lambar inji da lambar da ke jikinta;
- kuɗin da aka biya, da alƙalami da kuma kalmomi, da ranar da aka biya;
- furucin mai sayarwa cewa motar tasa ce, babu bashi ko jingina ko shari'a a kanta;
- sa hannun ɓangarorin biyu da shaidu aƙalla biyu, waɗanda za a iya samun su idan buƙata ta taso.

Idan tarakta da tirela aka saya tare, a ambaci kowace da bayaninta daban. A tabbata sunan da ke takardun motar shi ne na wanda ke sa hannu. Idan dillali ne ke sayarwa a madadin mai ita, ya kawo takardar izini, kuma a yi magana da mai motar kai tsaye. Idan motar ta bi ta hannun mutum biyu ko uku ba a sauya suna ba, a karɓi takardar cinikin kowane hannu domin kada sarƙar ta tsinke. Biya ta banki ya fi a ƙirga tsaba, domin banki shaida ne da ba ya mantuwa. Bayan haka a yi takardar rantsuwa ta sauya mallaka a kotu, a karɓi dukkan takardun asali, ba hotonsu ba.

Ga ƙungiyoyin manoma, muna ba da shawarar a yi ciniki da rajista da sunan ƙungiya mai rajista, ba da sunan shugaba ko ma'aji ba. Idan 'yan uwa ne suka haɗa kuɗi, a rubuta kason kowa. Rai ba a bakin komai yake ba, kuma irin wannan rubutu yana raba magada da rigima.

Mataki na Uku: Rajista a Jihar Katsina

Lambar mota da aka yi a kowace jiha tana aiki a duk faɗin Nijeriya, don haka ba laifi ba ne a ga mota mai lambar Kano ko Legas a Malumfashi. Laifin shi ne lambar da takardun su ci gaba da zama da sunan wani. Tun da aka fito da sabon tsarin lamba a shekarar 2011, kowace lamba tana ɗaure da suna da adireshin mai ita a rumbun bayanai na ƙasa. Ma'ana, muddin ba a sauya ba, a wurin hukuma motar ta tsohon mai ita ce. Wannan haɗari ne ga ɓangarorin biyu: mai saye ba shi da cikakkiyar hujja, mai sayarwa kuma shi za a nema idan aka aikata laifi da motar.

Tunda a nan motar za ta zauna ta yi aiki, abin da ya fi sauƙi shi ne a yi mata rajista a nan. Sabunta takardu duk shekara ba zai buƙaci doguwar tafiya ba, idan takarda ta ɓace akwai inda za a nemi kwafinta kusa, sannan kuɗin da aka biya suna shiga asusun jihar da ke gina hanyoyin da motar ke bi.

Hukumomi uku ne ke da hannu a wannan aiki. Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jiha ita ke yin rajista da ba da lasin mota ta ofisoshinta na lasin. Jami'an duba lafiyar motoci, waɗanda aka fi sani da VIO, su ke duba motar su ba da takardar shaidar ta cancanci hawa hanya. Hukumar FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da tsarin lambobi da rumbun bayanansu. Ga yadda ake bi:

1. A je ofishin lasin mafi kusa da takardar ciniki, takardar rantsuwa, tsofaffin takardun motar, takardar kwastan ko ta kamfani, hotunan fasfo, da katin shaida mai lambar NIN. Ƙungiya ko kamfani su haɗa da takardar rajistarsu.

2. A cike takardar neman sauya mallaka da sabuwar rajista. A kula sosai da rubuta lambar shasi, domin kuskuren harafi ɗaya na iya jawo wahalar watanni.

3. A kai motar, da tirelarta idan akwai, wurin jami'an VIO su gan ta da idonsu. Za su duba birki, sitiyari, tayoyi, fitilu da mahaɗin tirela, su kuma gwada lambobin da ke jiki da na takarda. Takardar lafiyar mota da aka ba da ba tare da an ga motar ba yaudarar kai ce.

4. A biya kuɗin da hukuma ta ƙayyade a asusun gwamnati, a karɓi rasit. Kuɗin ya danganta da irin motar da girmanta, kuma yana sauyawa lokaci zuwa lokaci, don haka a tambayi farashin da ke aiki a ofis.

5. A karɓi sabuwar lamba, lasin mota, takardar shaidar mallaka da takardar lafiyar mota. Kafin a bar ofis a karanta su duka, a tabbatar suna da lambobi sun dace.

Harufa uku na farkon lamba suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, misali FTA na Funtua. Launin rubutu kuma yana nuna aikin motar: shuɗi na motar gida, ja na haya da kasuwanci, kore na gwamnati. Wanda zai riƙa ɗaukar kayan mutane da kuɗi ya faɗi gaskiya a ba shi jar lamba, domin ɓoye hakan zai dawo masa a ranar da yake neman diyya. Ita ma tirela, dokokin hanya na ƙasa sun sa ta cikin abubuwan da ake yi wa rajista, kuma dole a ga lamba a bayanta. Kada a ɗauka takardar kai ta wadatar da bodi. A tambayi jami'an rajista abin da ya hau kan irin tirelar da aka saya.

Wasu kan ce tarakta ai ta gona ce, ba ruwanta da lamba. Amma taraktar da ke fita daga wannan ƙauye zuwa wancan neman aikin huɗa, ko take jan masara zuwa kasuwar Ɗandume ko ta Bakori, kan titin jama'a take bi, kuma dokar hanya ta hau kanta.

Muna gargaɗin jama'a game da masu tsayawa a bakin ofisoshi suna cewa a kawo kuɗi su gama komai a yini ɗaya. Ta hannun irin waɗannan ne lambobin jabu da takardun inshora na bogi ke shiga hannun bayin Allah. Bayan an karɓi lamba, a sake duba ta a shafin FRSC domin a tabbatar ta shiga rumbun bayanai.

Mataki na Huɗu: Inshora

Inshorar mota ba sabon abu ba ne a dokokin ƙasar nan. Tun 1945 aka yi dokar da ta wajabta ta, Dokar Inshora ta 2003 ta jaddada, sannan sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Agusta 2025 ta maye gurbinsu ba tare da ta ɗauke wajibcin ba. Daga 1 ga Fabrairu 2025 kuma Rundunar 'Yan Sanda ta fara tsananta binciken takardar inshora a hanyoyi.

Wadda doka ta wajabta ita ce inshorar mutum na uku. Mutum na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa duk wanda motar ta yi wa illa a jikinsa ko dukiyarsa. Wannan inshora ba ta gyara motarka. Nauyin da ya hau kanka na wasu take ɗauka. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar da wannan farashi na shekara da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023:

- motar gida: naira 15,000, diyyar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3;
- motar da ke ɗaukar kayan mai ita: naira 20,000, diyya har miliyan 5;
- manyan motocin dakon kayan jama'a: naira 100,000, diyya har miliyan 5;
- motoci da injuna na musamman: naira 20,000, diyya har miliyan 3;
- babur mai ƙafa uku: naira 5,000, diyya har miliyan 2;
- babur: naira 3,000, diyya har miliyan 1.

Waɗannan iyakoki na ɓarnar dukiya ne. Diyyar rai da rauni lissafinta daban. Kamfanin ne zai faɗi rukunin da motarka ta faɗa bayan ka bayyana masa aikinta. Duk wanda ya kawo maka takarda a kan kuɗin da bai kai waɗannan ba, to ka yi shakkar ta.

Akwai kuma cikakkiyar inshora, wadda ban da mutum na uku take ɗaukar asarar motar kanta ta haɗari, gobara ko sata. A sanarwar da aka ambata, kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Ba dole ba ce, amma wanda ya zuba kuɗin nomansa na shekaru a tarakta guda, ko ya ci bashi ya saya, ya dace ya yi tunani a kanta. Hukumar Inshorar Aikin Gona ta Ƙasa, NAIC, ita ma wuri ce da manomi zai nemi bayani kan kare amfanin gona da dabbobi da kayan aiki.

Ga wasu abubuwa da ake yawan kuskure a kansu:

1. Inshora yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mutum. Takardar tsohon mai mota, ko da saura wata goma ta ƙare, ba ta kare sabon mai ita sai kamfanin ya amince a rubuce. A yi sabuwa da sunan mai saye tun kafin a ɗauko motar daga garin da aka saye ta, domin tafiyar dawowa gida da motar da ba a san halinta ba na cikin tafiye-tafiye mafi haɗari. Idan sabuwar lamba ta fito, a sanar da kamfanin ya gyara takardar.

2. A sa a rubuta tirela a cikin takardar inshora, a kuma tambayi hukuncinta idan an kwance ta an ajiye, ko wata tarakta daban ce ke jan ta.

3. Kayan da ke cikin mota ba sa cikin inshorar mutum na uku. Mai kai hatsi Dawanau a Kano ko Kudu yana buƙatar inshorar kaya a hanya daban.

4. Ɗora mutane a kan lodi, ko cika tirela da 'yan ƙwadago zuwa gona ko 'yan kasuwa ranar kasuwa, ya saɓa wa dokar hanya, kuma kamfani na iya ƙin biyan diyyarsu. Rayukan da ake asara ta wannan hanya a titunan Arewa sun isa wa'azi.

5. Direba ya kasance da lasin da ya dace: rukunin F na tarakta da injinan noma, rukunin G na tirela mai kai da bodi. Ba wa yaro marar lasin tarakta ya hau titi na iya rushe inshorar gaba ɗaya.

Bayan an biya, a duba lambar motar a shafin askniid.org na Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya. Idan ba ta fito ba, a koma wa kamfanin nan take.

Mun san akwai masu ƙyamar inshora saboda dalilin addini. Ga irin waɗannan akwai tsarin takaful, wanda aka gina kan taimakekeniya: kowa ya ba da gudummawa a asusu guda, a tallafa wa wanda asara ta samu, a juya kuɗin ta hanyar da babu riba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki da lasin hukumar. Takardarsu karɓaɓɓiya ce a doka kamar ta sauran kamfanoni.

Idan Haɗari Ya Auku

A fara da ceton rai. A kai waɗanda suka ji rauni asibiti, a sanar da 'yan sanda ko jami'an FRSC, a ɗauki hotunan wurin da sunayen shaidu, a kuma sanar da kamfanin inshora ba tare da jinkiri ba. Sulhu alheri ne, kuma dattawa da masu unguwanni suna ƙoƙari a kai, amma kada a ɗauki alkawarin biyan wani adadi kafin kamfanin ya sani, domin hakan na iya sa ya janye. Wanda kamfani ya hana shi haƙƙinsa yana da damar kai ƙara sashen koke-koke na NAICOM.

Kula da Hanya Lokacin Kaka

Daga watan Oktoba zuwa Janairu hanyoyin Funtua zuwa Zariya, Funtua zuwa Gusau, Funtua zuwa Malumfashi da Yashe, da ta Dayi zuwa Gwarzo da Kano sukan cika da motocin hatsi, ga kuma hazo da ke rage gani. Tirela marar fitila da daddare tarko ce ga duk wanda ke tafe a baya. A sa mata fitilun baya da sitika mai ƙyalli, a ɗaura sarƙar tsaro a mahaɗi ban da fil ɗin da ke riƙe da ita, a guji lodin da ya wuce ƙima. Idan mota ta lalace, a janye ta daga kan titi a sa alamar gargaɗi, kuma a kwashe duwatsu da ganyen da aka jera kafin a tafi. A riƙa tafiya da takardu domin nuna wa jami'an tsaro da na Hukumar KASSAROTA, a ajiye kwafinsu a gida, a kuma rubuta ranar da lasin da inshora za su ƙare.

Kammalawa

Lokacin da ya fi dacewa a yi duk wannan shi ne da rani, tun kafin ruwa ya sauka aikin huɗa ya taso, ko kuma kafin kaka ta kama. Wanda ya riga ya sayi mota ko tarakta shekarun baya bai sauya suna ba, ƙofa a buɗe take: ya nemi wanda ya sayar masa tun yana raye kuma ana iya samun sa, su kammala takardu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na direbobi, da su taimaka wajen isar da wannan saƙo ga jama'arsu, musamman waɗanda ba su da halin karanta shi da kansu. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin lasin motoci ko na VIO mafi kusa da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye hanya, ya ba Jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya zaman lafiya, amin.